Son Maso Wani: Ayarin Numairi da Littattafan Samarinmu

Abin da za mu duba a wannan fitowa shi ne wani irin labari da ya yawaita ƙwarai cikin littattafan soyayya, na Hausa da na Larabci, har da majigin Indiya da yaranmu ke raba dare suna kallo. Ga labarin a taƙaice. Yaro da yarinya sun tashi tare, gida ɗaya ko unguwa ɗaya, allunansu a jingine cikin zaure ɗaya, tana ce masa Yaya, yana aikenta tana zuwa. Suna nan a haka har ran da zuciyar ɗayansu ta juya ta koma so, ta ɗayan kuwa tana nan inda aka bar ta, ko kuma ta riga ta tafi wurin wani. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan hali suna, suka ce son maso wani ƙoshin wahala.

Ba mu ƙi a rubuta irin wannan labari ba, gama abu ne mai aukuwa, a zongo ma ya fi aukuwa, inda za ka tarar da iyali goma cikin gidan haya guda, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, 'ya'yan Hausawa da na Zabarmawa da na Yarbawa duk suna sa hannu a akushi ɗaya. Abin da muke ƙi shi ne hukuncin da yawancin marubuta ke yankewa a ƙarshen littafi. Sun ɗauki so tamkar bashi. Wanda ya daɗe yana so, ya yi hidima, ya yi haƙuri, lalle sai an biya shi. Wanda aka so bai mayar ba kuwa sun mai da shi mai taurin bashi, sai ya gani a ƙwaryar cin tuwonsa kafin shafi na ƙarshe. Wannan hukunci muke so mu auna, da ma'aunin hankali da na littattafan da muka gada.

AYARIN NUMAIRI

Bari mu fara daga Makka. Alhazanmu da suka taɓa fita zuwa Tan'im, wurin masallacin Nana A'isha, don ɗaura haramin umra, sun ratsa wata unguwa da ake kira Zahir, arewa maso yamma da Ka'aba, gaba kaɗan da Jarwal inda 'yan'uwanmu Takari suka daɗe da zama. Yau gidaje ne da asibiti da hanyoyin mota. A zamanin dā kuwa kwari ne a bayan gari, sunansa Fahhu.

Sunan wannan kwari ya shiga wata waƙa ta Muhammadu ɗan Abdullahi Numairi, mutumin Ɗa'ifa, daga ƙabilar Saƙifa, a zamanin sarautar Banu Umayya. Abul Faraji na Isfahan, wanda ya rasu a 967, ya kawo labarinsa cikin Kitabul Agani. Numairi yana son Zainabu 'yar Yusufu, 'yar garinsu kuma 'yar ƙabilarsu, 'yar'uwar Hajjaju ɗan Yusufu, gwamnan nan da jin sunansa kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Mahaifinta ya kwanta ciwo, sai ta yi bakance in Allah ya ba shi lafiya za ta taka da ƙafa daga Ɗa'ifa har Ɗakin Allah. Ya warke, ta fito cikin mata 'yan rakiya, tafiyar ta cinye mata wata guda. Numairi ya yi waƙa a kan wannan tafiya, ya ambaci wucewarsu ta Fahhu suna talbiya, ya yabi lulluɓinsu da kamun kansu, sa'an nan ya faɗi abin da ya same shi, watau da Zainabu ta hango ayarinsa sai ta kau da kai.

Waƙa ta bazu cikin Hijaz, Hajjaju kuma ya yi ƙarfi, tsoro ya kama Numairi, ya yi ta gudu har ya kai kansa gaban Halifa Abdulmaliki ɗan Marwanu neman tsari. Halifa ya sa ya rera waƙar. Da ya zo kan maganar ayari, sai Halifa ya tsai da shi ya tambaye shi ko wane irin ayari ne wannan da ya ke da shi. Numairi ya faɗi gaskiya, ya ce 'yan jakuna ne da ya ke yi wa lodin ƙaɗiran, baƙin man nan da ake shafa wa raƙuma masu ƙazwa. Halifa ya yi dariya har ya gaji, ya rubuta wa Hajjaju takarda ya ce ya rabu da shi.

To jama'a, ku dubi abin da ke cikin wannan labari. Kau da kan da Zainabu ta yi gaskiya ne, ayarin ne ƙari. Haka wanda aka ƙi ya ke a ko wane zamani, in zai ba da labarin kansa sai jakunansa su zama raƙuma, gaisuwar da aka taɓa amsa masa ta zama alkawari. Numairi ya yi laifi da ya kama sunan 'yar mutane ya sa a bakin duniya, ba mu wanke shi a kan wannan ba. Amma bai zage ta ba, bai ce ta cuce shi ba, da aka tambaye shi kuma ya bari aka yi masa dariya. Daga baya Hajjaju ya ba Zainabu zaɓi tsakanin mutum biyu cikin danginsu, Muhammadu ɗan Ƙasimu, wanda ya ci ƙasar Sindi daga bisani, da Hakamu ɗan Ayyuba, ta zaɓi Hakamu. Ba a ko ambaci Numairi cikin lissafin ba. Sama ba ta faɗo ba, Zainabu ba ta haukace ba, da ta rasu kuma Numairi ya yi mata waƙar makoki. Da wani marubucinmu aka ba wannan labari, da Hakamu bai kai watan azumi da rai ba.

HANYOYIN DA MARUBUTA KE BI

In mai littafi ya kai yaronsa wurin da aka ƙi shi, sai ya ga labari ya tsaya masa a wuya, ya shiga neman mafita. Mun lura mafita uku ce aka fi bi.

Ta fari ita ce a kawar da mutum na uku. Misalin da kowa ya sani shi ne majigin Indiya na 1998 mai suna Kuch Kuch Hota Hai. Anjali tana son amininta Rahul, shi kuwa Tina ya ke so, ita ya aura. Har nan labari yana kan gaskiya, kuma duk mai zuciya zai tausaya wa Anjali ran da ta shiga jirgin ƙasa ta bar makaranta. Amma sai mai labari ya kashe Tina a kan haihuwa, ya sa ta bar wasiƙu takwas tana roƙon a haɗa mijinta da tsohuwar ƙawarsa. Bayan shekara takwas Rahul ya taso, ya tarar an yi wa Anjali baiko da wani bawan Allah mai suna Aman, a ranar biki kuma Aman ya janye ya bar masa. Ku ƙidaya abin da aka kashe don a biya wannan bashi: mace ɗaya ta mutu, yarinya ta tashi marainiya, ango ya koma gida shi kaɗai da kayan ado a jikinsa. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san an hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa in an riga an karkata an daidaita. A majigi kuwa wannan ne wurin da ake tafi.

Ta biyu ita ce a azabtar da wadda ta ƙi. Wannan ta fi yawa cikin ƙananan littattafan da ake kawowa daga kasuwar Kano. Yarinya ta ƙi Yayanta na gida, ta auri baƙo mai mota. Kafin babi uku baƙo ya zama mashayi, ya dake ta, ya sake ta, ta komo da ɗa a goye da ƙunshin tsumma, ta durƙusa tana neman gafara, Yaya kuma ya karɓe ta don girman zuciyarsa. Mai karatu yana rufe littafi ya koyi darasi guda, cewa duk wadda ta ce a'a ta jawo wa kanta fushin Allah. Ba mu san littafin fiƙihun da aka ciro wannan hukunci ba, don ba ya cikin Ahalari, ba ya cikin Iziyya, ba ya cikin Askari. Magabatan marubutan Hausa sun fi haka adalci. Cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. A ciki attajiri Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba. Littafin bai sa wa ramuwa zuma ba. Ya nuna zuciyar da ta ce sai an biya ta tana cin mai ita, ta ci na kusa da shi.

Ta uku ita ce a mai da mai ɓoye so waliyyi. Ɗalibanmu na makarantun Larabci sun san Mustafa Lutfi Manfaluɗi na Masar, wanda ya rasu a 1924, kuma da yawa cikinmu a littattafansa muka koyi daɗin insha'i. Littafinsa Asha'ir ya ɗauko shi ne daga wasan kwaikwayon da Edmond Rostand na Faransa ya yi a 1897. Sirano jarumi ne mai fasaha, amma yana da ƙaton hanci, yana son 'yar'uwarsa Ruksan wadda suka yi wasan ƙasa tare, yana jin kunyar faɗa mata. Ita kuwa wani kyakkyawan soja Kiristiyan ta ke so, wanda bai iya magana ba. Sai Sirano ya riƙa rubuta wasiƙu da sunan Kiristiyan. Kiristiyan ya mutu a yaƙi, Ruksan ta shiga gidan ibada tana makoki wajen shekara goma sha biyar, Sirano yana kai mata ziyara ko wane mako bai ce uffan ba, sai ran da ya ke bakin mutuwa ta gane. Larabcin littafin ya kai a haddace shi. Amma ku ajiye hawaye ku yi lissafi. An bar mace ta ƙare kwanakinta tana kukan mutumin da babu shi, fuskar wani da harshen wani. Wanda ya san gaskiya yana zaune gabanta ko wane mako, ya hana ta abin da za ta yi zaɓi a kansa. In ɗan kasuwa ya sa wa hajarsa tambarin wani, ha'inci muke kiransa, ko da hajar tasa ta fi kyau.

Masu wannan hanya suna jingina da wata magana da ake dangana wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai nuna wanda ya yi so ya kame kansa ya ɓoye har ya mutu ya yi shahada. Maganar ta biyo ta hannun wani mai ruwaya Suwaidu ɗan Sa'idu, malaman hadisi kuma sun yi masa inkari a kanta tun da wuri. Yahaya ɗan Ma'inu ya tsananta ƙwarai, Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi dogon bayani cewa ba ta inganta ba. Kamun kai wajibi ne ko da so ko babu. Amma kada saurayi ya zauna yana ramewa yana zaton Aljanna ya ke tarawa.

RIGAR MAJNUNU

Akwai wani ruɗu da ke ƙarƙashin waɗannan duka. Marubutanmu suna ɗauko rigar Majnunu su sa wa wanda ba ta dace da shi ba. A labarin da aka sani, Ƙaisu da Laila sun yi kiwo tare suna yara, suka so juna, uban Laila ne ya hana. Har aka ce mahaifin Ƙaisu ya kai shi Makka don ya roƙi Allah ya yaye masa, shi kuwa ya kama tufar Ka'aba ya roƙi ƙari. To wannan mutum shinge aka sa tsakaninsa da mai sonsa. Abokin da aka ƙi kuwa babu shinge gabansa, ƙofa a buɗe ta ke, mai ɗakin ce ba ta ce ya shigo ba. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Hadisin nan na Ibnu Majah da samari suka haddace, mai nuna babu abin da ya fi aure ga masoya, ku koma ku dubi kalmar da aka yi amfani da ita. A ma'aunin tafa'uli ta zo, kuma da siffar biyu. Yaron da ya fara sarfu ya san wannan ma'auni yana nuna aikin da ɓangare biyu suka yi tarayya a cikinsa. Wanda ke so shi kaɗai bai shiga wannan babi ba tukuna.

BARIRA DA MUGISU

In ana neman hukuncin wannan mas'ala, yana cikin Sahihul Buhari, a littafin saki. Barira baiwa ce a Madina, mijinta Mugisu bawa ne. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta saye ta ta 'yanta ta, shari'a kuma ta ba ta zaɓi ko ta zauna da mijinta ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Ibnu Abbas ya ba da labarin yadda ya ga Mugisu yana bin ta a baya cikin lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu ke yi mata da irin ƙin da ta ke yi masa. Sa'an nan ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya ko umurni ne. Ya gaya mata ceto ne kawai ya ke yi. Sai ta ce ba ta da bukata gare shi. Magana ta ƙare a nan.

Ku duba da kyau, ya ku masu alƙalami. Ga mai so na gaskiya, ga hawaye na gaskiya, ga zaman tare wanda ya fi na abota ƙarfi, tun da aure ne. Ga mai ceto wanda babu kamarsa cikin halitta. Duk da haka a'ar Barira ta tsaya, ba a tsine mata ba, ba a ce ta butulce ba, ta ci gaba da zamanta a gidan Nana A'isha cikin mutunci, malamai kuma suka ciro hukunce-hukunce masu yawa daga labarinta. Mugisu ma ba a yi masa ba'a ba, an tausaya masa har aka yi masa ceto. An ba kowa hakkinsa: mai so ya sami tausayi, wadda ake so ta sami zaɓinta. In zaman aure bai zama bashi a kan zuciyar Barira ba, ina ga rakiyar makaranta da ɗaukar tulu?

WAƊANDA SUKA RUBUTA SHI DAIDAI

Kada wani ya ce in an bi wannan hanya labari zai yi lami. Ibnu Hazmin na Andalus, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 994 ya rasu a 1064, malamin fiƙihu ne mai kaifin harshe, ya kuma rubuta littafi mai babi talatin a kan so, Ɗauƙul Hamama. A ciki ya ba da labarin wata yarinya 'yar shekara goma sha shida da ta tashi a gidansu, ya so ta, ya yi wajen shekara biyu yana neman ta yi masa magana guda wadda ta wuce ta yau da kullum, bai samu ba. Ya kwatanta wata rana da matan gida suka taru a wani bene suna hangen birnin Ƙurɗuba ta tagogi. In ya matsa tagar da ta ke, sai ta koma wata cikin natsuwa, in ya bi ta can sai ta sake. Babu gobara, babu haɗarin mota, babu boka, amma duk wanda ya taɓa so aka kauce masa zai ga kansa a bakin wannan taga. Bayan yaƙin basasa ya watsa gidansu, ya komo Ƙurɗuba a 1019 ya gan ta wahala ta canja ta. Marubucin kasuwa da ya ce alhakinsa ne ya kama ta. Ibnu Hazmin ya ɗora laifin a kan rushewar gidan da ke kula da ita, ya kuma ce wannan kaucewa tata ita ce ta koya masa haƙuri har ya sami sauƙi. Ya sa labarin cikin babin mantuwa da dangana, watau ya san ciwon yana da ranar warkewa.

Marubutan Makka na wannan zamani ma sun taɓa wannan wuri. Hamidu Damanhuri, haifaffen Makka, ya fitar da Samanut Tadhiya a 1959, littafin da masana ke lissafawa farkon cikakken ƙagaggen labari a ƙasar Saudiyya. Ahmadu ya bar 'yar baffansa Faɗima da igiyar aurensa a kanta, ya tafi Alƙahira karatun likita, ya saba da gidan abokinsa, zuciyarsa ta karkata ga Fa'iza 'yar gidan. Ya auna, ya riƙe alkawarin da ke wuyansa, ya koma Makka. Sunan littafin da kansa yana nuna sadaukarwa tana da farashi, mai labari kuma ya bar yaronsa ya biya.

Sai Raja'u Alim, ita ma 'yar Makka, wadda littafinta Ɗauƙul Hamam na 2010 ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2011. Sunan ma kuna ji kun san ta waiwayi Ibnu Hazmin. Littafi ne mai nauyi, na manya, ba mu ce a miƙa wa yara ba. Amma akwai abu guda a ciki da ya dace marubutanmu su koya. Yusufu da Azza sun tashi a gida ɗaya cikin wani tsohon lungu na Makka, Yusufu ya cika takardu da zancen Azza, yana cuɗa ta da tarihin birnin da ake rushewa a gabansa. Wanda ya zauna ya karance takardun nan kuwa ɗan sanda ne mai binciken gawar da aka tsinta a lungun. Azza ta takarda daban, Azza mai rai daban, tana da nata tunani da tata hanya. Wannan shi ne asirin da yawancin littattafanmu suka kasa gani. Aboki yana zaton ya fi kowa sanin ƙawarsa, alhali sau da yawa sabo ne ya rufe masa ido, hoton da ya zana da hannunsa ya ke so.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani dattijo zai ce, Malam, duk wannan a kan tatsuniya? Ranka ya daɗe, tatsuniyar da yaro ya karanta da dare ita ya ke aikatawa da safe. Saurayin da ya sha littafi ashirin duk suna gaya masa haƙuri da hidima suna sayen zuciya, ran da aka ce masa a'a zai ga an yi masa fashi. Daga nan ake jin lissafin kuɗin makaranta da na sabulu da na lalle a tsakar gida, daga nan ake tona wasiƙu a bakin famfo, daga nan gida biyu da suka yi shekara talatin suna musayar tuwon salla su daina gaisawa. Yarinyar da ta sha irin waɗannan littattafai kuwa sai tsoro ya hana ta faɗin gaskiya, ta amsa auren da ba ta so don kada a ce ta ci amanar Yaya, bayan shekara biyu a taru gaban liman ana neman saki. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan kyautar mai neman aure, ko ana mayar da ita in an fasa, alkalan ƙasar Hausa kuma sun saba lissafa kayan toshi a mayar wa mai su. Dukiya ke nan, tana da adadi. Amma ba mu taɓa jin alkalin da ya yanke wa mace hukuncin ta so wane ba. Annabi da kansa, da ya ke raba kwana da adalci tsakanin iyalinsa, ya roƙi Ubangiji kada ya kama shi a kan abin da ba ya mallaka, malamai suka ce karkatar zuciya ake nufi.

Saboda haka ga roƙonmu ga samari da 'yan matan da ke aiko da labaru ga wannan takarda. Ku rubuta abokin da ya kamu da so, ku rubuta shi da tausayi, gama ciwonsa ciwo ne. Amma ku bar shi ya buɗe baki da wuri, ta hanyar da aka sani, a aika baffa ko kawu, tun kafin wani ya riga shi. In an ce a'a, ku bar a'ar ta tsaya, kada ku kashe kowa, kada ku nakasa kowa. Ku ba wadda ta ƙi baki da hankali, mu ji abin da ta ke ji, don rasa Yaya da ta yi shi ma rashi ne, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya rubuta mata shi ba. Sa'an nan ku bi yaron nan zuwa washegari, gama can labarin ya ke. Yaya zai gai da uwarta a bakin ƙofa? Zai ɗauki kujeru ran ɗaurin aurenta ko zai tsiri tafiya Kumasi? Wace rana ce zai ji an kira sunanta gabansa bai faɗi ba? Marubucin da ya iya amsa waɗannan ya fi mai kashe kishiya da haɗarin mota gwaninta nesa ba kusa ba.

Ga iyayenmu kuma, muna roƙo da ladabi, in an zo muku da irin wannan magana ku yi ceto, ceto sunna ne, amma ku tsaya inda mai ceton Mugisu ya tsaya. Allah ya haɗa kowa da rabonsa na alheri, ya sanyaya zuciyar wanda bai samu ba, ya bar zumunci tsakanin gidajenmu.